Keken tseren da na yi wata takwas ina tara kuɗinsa ya ishe ni a kwana tara

Assalamu alaikum Kawu. Ni magidanci ne a Kaduna, ma'aikacin gwamnati, shekarata 41, 'ya'yana huɗu. Bara likita ya ce hawan jini ya fara leƙo ni, ga nauyina ya kai kilo 88 alhali tsawona mita 1.72 ne kawai, ya ce lallai in riƙa motsa jiki. Gudu ba ya yi mini saboda gwiwa. Ina ganin wasu bayin Allah suna fita da kekunan tsere da sassafen Asabar, abin ya shiga raina, na yi wata takwas ina tari har na sayi sabo dal a kwali. Ba na ƙasa ba ne, ba kuma irin na manyan 'yan tsere ba: firam ɗin alminiyam lamba 54, fok mai riƙe tayar gaba na kabon, giya Shimano Tiagra, birkin faifai, taya mai faɗin milimita 28. Kuɗinsa ya kusa albashina na wata uku, amma na ce wa uwargida rabin haka ne.

Ranar farko da na hau kwalta mai kyau, wallahi ji na yi kamar zan tashi sama. Ina taka feda sau biyu sai in ga na wuce a-daidaita-sahu. To yau kwana tara, na fita sau huɗu, ga abin da na tsinta: mazaunaina kamar an yi mini bulala, wuyana da tsintsiyar hannuna suna ciwo, tayar baya ta yi faci sau biyu, giya ta fara wani ƙas-ƙas. Abin da ya fi tsorata ni, ran Lahadi bayan na yi kamar awa ɗaya a kai, na sauka na ji gabana ya yi sanyi ba na jin sa, sai da aka yi mintuna kafin ya dawo daidai. Ban faɗa wa kowa ba. A majalisa kuma an sa ni gaba, wai tsofai-tsofai da ni na koma hawan keke da wandon roba. Wani abokina ya taya shi kashi biyu cikin uku na kuɗin da na saya. Kawu, in sallama masa in huta, ko kuwa?

Magidanci daga Kaduna

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Kada ka sallama. Aƙalla ba wannan watan ba. Abokin naka bai taya keken nan don tausayinka ba, ya ga banza ce ta faɗi. Keken da aka hau sau huɗu sabo ne, kuma in ka ba shi a wannan farashi ka biya kusan albashin wata guda ladan hawan kwana tara, ka koma gida da hawan jininka yadda ka same shi.

Zan fara da abin da ka ɓoye a tsakiyar wasiƙa, don shi ne na san yake hana ka barci. Wannan sanyin gaba da ka ji ba alamar ka lalace ba ne, amma kuma ba abin da za ka daure ka ce jiki zai saba ba ne. Tsakanin mazaunai da gaba akwai jijiyoyin jini da na ji, a wuri mai laushi wanda Allah bai halitta don ɗaukar nauyin mutum ba. Wurin ɗaukar nauyi shi ne ƙasusuwan nan biyu da kake ji idan ka zauna a kan benci. In sirdi ya dace, su ne ke zaune a kan faffaɗan bayansa. In hancin sirdi ya ɗaga sama, ko sirdin ya yi tsawo da yawa, ko kan keken ya yi maka nisa har kana zamewa gaba don ka kamo shi, sai nauyin kilo 88 ya sauka a kan wancan wuri mai laushi, ya danne jijiya, ka sauka ka ji shiru. Da ka ɗauke nauyin sai jini ya koma, shi ya sa ya warware cikin mintuna. Ka ɗora katako miƙaƙƙe a kan sirdin ka duba: ya kamata ya kwanta daidai, ko hancin ya ɗan sunkuya kaɗan ƙwarai. Sannan duk minti goma ko sha biyar ka miƙe tsaye a kan feda na ɗan daƙiƙu. In ka yi gyaran da zan faɗa maka a ƙasa abin bai daina ba, ka canza sirdi, ka nemi mai tsaga a tsakiya wanda faɗinsa ya yi daidai da ƙasusuwanka. Sirdin da ke zuwa da keken matsakaicin kuɗi sau da yawa nan ne kamfani ke rage tsada, kuma ba a yi shi da awon kowa ba. Idan kuwa wata rana sanyin ya wuce awanni, ko ya kwana, ko ka ga canji a fitsari ko a sha'anin iyali, ka ajiye keke ka koma wa likitanka ka faɗa masa da bakinka. Ya ji abin da ya fi wannan.

Ciwon mazaunai dabam ne. Wannan kam kowa ya sha shi, kuma yana wucewa, yawanci cikin sati biyu zuwa uku in kana fita a kai a kai ba tare da ka zarce ba. Kuskurenka shi ne awa guda a fita ta huɗu. Ka koma minti 25 ko 30, sau uku a sati, ka riƙa ƙara minti biyar-biyar. Kada kuma ka je ka ɗora masa katifar soso ko lallausan sirdi irin na keken kai yara makaranta. Lallausan sirdi yana da daɗi a minti goman farko, daga nan ƙasusuwa su nutse ciki, soson ya tattaru ya danne wurin da muke ƙoƙarin karewa. Wandon da ake yi maka dariyarsa shi ne maganin, don soson yana jikinsa a inda ya dace. Ba a sa gajeren wando a ƙarƙashinsa, ɗinkin ne ke goge fata, kuma a wanke shi bayan kowace fita.

Yanzu maganar awo. Abu ɗaya ne a keke wanda in an yi kuskurensa sai dai a sayar, shi ne girman firam. Lamba 54 ga mai tsawon mita 1.72 yana cikin iyaka a yawancin kamfanoni, sai dai wataƙila ya ɗan fi kusa da babba, wanda kuma ana gyarawa. Ina kyautata zaton yadda aka fito da shi daga kwali aka ɗaure, haka ka hau, babu wanda ya auna ka. Ka jingina keken da bango, ka hau, ka sa diddige a kan feda ka kai ta can ƙasa. In ƙafarka ta miƙe sak ba tare da ƙugunka ya karkata ba, tsawon sirdi ya yi kusa da daidai, domin idan ka mayar da tudun tafin ƙafa kan fedar gwiwa za ta ɗan lanƙwashe. In kana son lissafi, akwai wanda ake dangantawa da Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci babbar gasar tseren keke ta Tour de France a 1986 da 1989 da 1990: ka tsaya ba takalmi, ka auna daga ƙasa zuwa matsematsi, ka ninka da 0.883, abin da ya fito shi ne nisan daga tsakiyar gindin feda zuwa saman sirdi. Wanda ƙafarsa ta kai santimita 80, sirdinsa zai tsaya wajen 70.6. Wannan mafari ne, daga nan sai ka riƙa motsa shi milimita uku ko huɗu kana sauraren jikinka. Tunda ka ce kana da gwiwa, ka riƙe wannan: ciwo a gaban gwiwa yakan nuna sirdi ya yi ƙasa, ciwo a bayanta yakan nuna ya yi sama.

Wuya da tsintsiyar hannu kuwa, bari in tambaye ka, ina kake riƙewa? Yawancin sababbin hawa suna ganin kan keken ya lanƙwasa kamar ƙahon rago sai su ɗauka dole can ƙasa ake kamawa, kamar yadda suke gani a talabijin. Su kansu 'yan tseren ba sa yini a can. Mazaunin hannu shi ne robar nan da ke saman hannun birki, nan za ka yi kusan duk tafiyarka, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe don ta sha girgizar hanya, kafaɗa a sake. Ƙasan ƙaho na gangara ne da lokacin da iska ta tunkaro ka. In duk da haka kana jin kana miƙa kamar mai ɗauko abu a saman kwaba, ka duba wuyan da ke haɗa kan da firam. Ana juya shi ya kalli sama, ana mayar da zobban da ke samansa ƙasansa don kai ya ɗaga, ana kuma sauya shi da gajere, misali daga milimita 100 zuwa 90 ko 80. Kuɗinsa bai kai na sirdi mai kyau ba. Sai dai a nan ka yi hattara da mai gyara. Idan bututun fok ɗinka na kabon ne har sama, ba a ɗaure shi da ƙarfin tuwo. A jikin wuyan za ka ga an rubuta iyakar ɗaurin, galibi wajen 5 Nm, kuma akwai sipana ta musamman mai auna wannan. Malamin da ya gyara Raleigh da Phoenix shekara talatin gwani ne a fanninsa, amma hannunsa ya saba da ƙarfe, wanda in ka matse shi sai ya ƙara kamawa. Kabon in ka matse shi tsagewa yake yi, kuma ba ya faɗa maka sai ranar da ya karye.

Na ambaci Raleigh da gangan, don can ne matsalar ta samo asali. Mu da muka tashi da keken da iyayenmu ke ɗaura buhu a kariyarsa, a goya mutum a gaba a goya a baya, mun san keke a matsayin jaki: a zauna a miƙe, a taka a hankali, a jingina shi a rana wata shida a dawo a same shi. Nauyin irinsa yakan kusa ninka naka. Naka bai wuce kilo goma ba ko kusa da haka, na manyan gasa kuwa hukumar tseren keke ta duniya ta hana ya gaza kilo 6.8. Duk abin da aka cire don a sami wannan sauƙi, an cire shi ne daga cikin haƙurin keken. Doki ka saya, kuma doki yana son a duba shi kowace safiya.

Facin da ka yi sau biyu misali ne. Ina iya rantsuwa ban yi kaffara ba cewa in ka duba tsohon tif ɗin za ka ga huda biyu a jere, kamar saran maciji. Ba ƙusa ba ce. Iska ce ta yi kaɗan, ka faɗa rami ko ka hau tudun rage gudu, gargaren ya cije tif ɗin. Siririyar taya tana rage iska cikin kwana biyu zuwa uku ko ba a hau ta ba, kuma matsa ta da yatsa ba ya nuna komai. Mai nauyinka a taya 28 yana buƙatar wajen 80 zuwa 90 a ma'aunin psi, ta baya ta ɗan fi ta gaba, ba tare da ka wuce abin da aka rubuta a gefen tayar ba. Ka sayi famfo na tsaye mai agogo, ka duba kafin kowace fita. Ka lura kuma bawul ɗinka siriri ne, wanda ake kira Presta, ba irin na babur ba. Ni kaina na taɓa tura keke kusan kilomita huɗu da rana tsaka, na wuce masu faci uku, kowanne ya juya bawul ɗin ya girgiza kai, saboda wani ɗan ƙarfen haɗi da bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba da na manta a gida. Tun ranar yana ɗaure a jakar ƙarƙashin sirdi tare da tif biyu da ƙaramin famfo. Idan tayoyin nan suka cinye, ka tambaya ko firam ɗinka zai ɗauki 32. Yawancin masu birkin faifai na yanzu suna ɗauka, kuma a hanyoyinmu wannan milimita huɗun ya fi kowane gyara daɗi a jiki.

Ƙas-ƙas ɗin giya ba lalacewa ba ne. Sabuwar waya tana ɗan saki a makonnin farko, sai a murɗa ɗan madaidaicin da ke bayan giyar rubu'i-rubu'i har ƙarar ta ɗauke. Aikin minti biyar ne, kuma wanda ya sayar maka ya kamata ya yi maka. Ka guji haɗa babban faranti na gaba da babban na baya, sarƙa tana karkacewa. Kada mai ya taɓa faifan birki ko da na yatsa ne. Ga hunturu, baƙin man inji a sarƙa yana kama ƙura ya zama kamar sabulun goge ƙarfe, don haka ka nemi man sarƙa busasshe, ka goge da tsumma bayan ka sa.

Game da ko an cuce ka a zaɓi, ba a cuce ka ba. A jerin Shimano na kekunan kwalta, Claris ce a ƙasa, sai Sora, sai Tiagra, sai 105, sai Ultegra, sai Dura-Ace ta manyan gasa. Taka tana tsakiya, giya goma a baya biyu a gaba, tana da ƙarko, kayan gyaranta ba su kai na sama tsada ba. Wanda ya ninka kuɗinka zai rage kilo ɗaya ko biyu a keke. Kai kana da kilo da dama da za ka rage kyauta a jikin mahayi. Abin da nake so ka koya da giyar nan shi ne ka daina taka mai nauyi. Ka sa mai sauƙi ƙafa ta riƙa juyawa da sauri, kamar sau 80 zuwa 90 a minti. Za ka ji kamar wasa kake yi, amma ita ce hanyar da gwiwarka za ta tsira zuciya kuma ta yi aikin da likita yake so. Minti 150 a sati na matsakaicin motsa jiki shi ne abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba manya shawara, kuma fita uku ta minti 50 ta cika shi. Can za ka nufa, ba can za ka fara ba. Ka gaya wa likitanka ka fara hawan keke, kuma in kana shan magani kada ka daina don ka ga awo ya sauka sai shi ya ce.

Mutanen majalisa ba zan ɓata musu tawada da yawa ba. A wurinmu keke alamar wanda bai samu ba ne, sun ga mai mota ya koma keke dole su yi magana. In kana son abin faɗa musu, Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci matakai uku ya kuma ɗauki koriyar riga a Tour de France ta 2024, a Satumban 2025 aka yi gasar duniya a Kigali, karon farko a Afirka, 'yan'uwanmu na Burkina Faso kuma suna tseren Tour du Faso tun 1987. Amma a batun wando, ina ganin suna da ɗan gaskiya. Magidanci mai 'ya'ya huɗu ya ratsa unguwa da abin da ya ɗame shi ya tsaya sama da gwiwa, ko ni ba zan yi ba. Ka sa shi a ciki, ka ɗora sakakken wando mara nauyi wanda ya rufe gwiwa, ka ɗaure ƙafar dama kada sarƙa ta kama. Babu daƙiƙar da za ka rasa wadda za ta dame ka. Wanda ba na sassauci a kansa shi ne hular kwano, da fitila ja a baya, da riga mai haske. Ka fita bayan asuba in gari ya fara wayewa, kafin manyan motoci da masu sauri su cika hanya, ka bi waɗancan 'yan Asabar ɗin da suka burge ka. A cikinsu za ka sami mai sipanar da na faɗa, da wanda ya san mai gyaran da ya iya irin wannan keke, da mai tsohon sirdi a gida da zai ara maka ka gwada kafin ka saya.

Saura uwargida. Malam, ka lura a wasiƙarka ka ba wannan magana layi ɗaya, ka ba faci da giya layi uku. Ni kuwa ina ganin rabin nauyin da kake ji a kan sirdin nan daga nan yake. Mutumin da ya sayi abu da saninsa da sanin iyalinsa, in abin ya ba shi wuya sai ya dawo gida ya yi ƙorafi a yi masa dariya a ba shi ruwan zafi. Kai ba ka da wannan damar. Dole ka dawo kana murmushi kana tafiya kamar wanda aka yi wa kaciya jiya, don in ka ce keken bai yi ba, tambaya ta gaba ita ce ta kuɗi. Kuma ka duba inda sayarwar za ta kai ka: abokinka zai ba ka kashi biyu cikin uku, ita ta san rabi, ke nan ko ka ce mata ka ci riba a keken da ka hau, ko ka sake ɓoye wani kuɗin. Ƙarya ɗaya ta haifi ta biyu tun ba a je ko'ina ba. Kuɗinka ne, halalinka ne, tari ka yi ba bashi ka ci ba, kuma lafiyarka ka nema da shi, wadda ita da yaran suka fi kowa buƙata. To me ya sa ka rage? Don ka san akwai abin da ta daɗe tana roƙo kana cewa babu hali. Wannan shi ne zai yi mata ciwo, ba keken ba. Ka same ta a lokacin da yara suka kwanta, ka faɗa mata ainihin kuɗin, ka ce kunya ce ta sa ka rage, ka ba ta haƙuri ba tare da ka kawo hujjar likita a numfashi ɗaya ba. Za ta yi fushi, ka bar ta ta yi. Bayan kwana biyu ka tambaye ta wane abu ne na gida ta fi so a fara tara wa kuɗi, ka yi masa irin tarin wata takwas ɗin da ka nuna ka iya. Gara ta ji daga bakinka da ta ji daga matar abokin nan naka, wanda ya riga ya san farashin tunda har ya taya.

Ka ba keken sati shida daga ranar da aka daidaita maka sirdi da wuya. In sun cika sanyin nan bai daina ba duk da sauya sirdi, ko ka ga kana neman dalilin ƙin fita kowace safiya, to ka sayar, amma ga wani cikin masu hawa wanda ya san darajarsa, ka sayi mai miƙaƙƙen kai da faffaɗar taya wanda ake zama a kansa a miƙe. Shi ma zai sauke maka jinin. Ka sake rubuto mini lokacin, ka haɗo da awon ƙafarka da tsawon da ka sa sirdin, ka kuma gaya mini abin da uwargida ta zaɓa.